Tafkin Sabin: yaya ake furta shi, kuma tafki ne ko teku?

Wani ɗan'uwa mai fassara labarai a gidan rediyo ya aiko da tambaya. Ya ci karo da sunan Sabine Lake a cikin labarin jiragen ruwa masu dakon iskar gas daga Amurka, yana so ya san yadda zai furta shi a iska, da kuma ko ya dace a kira shi tafki alhali ruwansa haɗe yake da teku.

Malam, bari mu fara da wurin. Wannan ruwa yana gaɓar Tekun Meziko, kan iyakar jihohin Tekzas da Luwiziyana. Tsawonsa kamar kilomita 23 ne, faɗinsa kamar 11. Koguna biyu ke zuba a cikinsa, Sabine da Neches, sannan ya tsiyaye zuwa teku ta wata mashiga da ake kira Sabine Pass. Birnin Port Arthur yana bakinsa ta yamma. Iyakar kuwa tsohuwa ce, tun yarjejeniyar 1819 tsakanin Amurka da Sifaniya aka ɗauki kogin Sabine a matsayin shati.

To, furuci. Bahaushe yana karanta kowane baƙi da wasalin da ya gani, saboda haka bakinsa zai tafi ga sa-bi-ne, gaɓa uku, sai mai sauraro ya zaci cewa aka yi "Sabi ne". Wanda ya yi boko kuma zai ce sabain, don ya saba da kalmomin Ingilishi irin su fine da line. Duk biyun ba haka mutanen wurin ke faɗa ba. Gaɓa biyu ce: ta farko gajera, ana wuce ta da sauri, ta biyu kuma a ja ta, sa-biin. Wasalin ƙarshe na rubutu ne kawai.

Dalili shi ne sunan ba daga Ingilishi ya fito ba. Sifaniyawa ne suka kira kogin da sunan itacen sabina, saboda manyan itatuwan da suka tarar a cikin fadamarsa, sai jan wasalin tsakiya ya zauna ko da Ingilishi ya karɓi kalmar. Akwai wata tsohuwar ƙabila ta Italiya da Turawa ke rubuta sunanta da haruffa iri ɗaya, ita ce ake furtawa da "ai" a ƙarshe. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, don haka idan sunan wuri ne, ni bakin mazauna wurin nake bi. A takardar da za ka karanta rubuta Sabin, ka sa wa kanka alama a kan wasalin don ka tuna da ja, tunda daidaitacciyar Hausa ba ta nuna dogon wasali a rubutu.

Wani abu da ke tuntuɓe da masu fassara shi ne inda kalmar Lake take zama. A Lake Chad da Lake Victoria gaba take, a Sabine Lake da Great Salt Lake baya take. Al'ada ce kawai, sai dai a haddace. Mu Hausa ta hutar da mu: tafki a gaba, suna a baya, Tafkin Sabin. Abin da ba na so in ji shi ne "Tafkin Sabine Lake", wato an faɗi tafki sau biyu. Ko da yake, masana na cewa sunan Chadi ma daga kalmar Barebari yake mai nufin babban ruwa, ka ga ashe mun daɗe muna wannan maimaici ba tare da kowa ya damu ba.

Yanzu ga mai wuyar. Tafki a wajenmu, ko tabki, duka daidai ne, ruwa ne da ya kwanta wuri guda, ƙasa ta kewaye shi. Ya fi kududdufi, wanda ramin da aka haƙi ƙasar gini ne ruwan damina ya cika. Ba ya gudu kamar kogi ko gulbi ko ƙorama. Ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku, shi ya sa ba mu tanadi suna na musamman ga ruwan da ke tsakanin kogi da teku ba. Amma muna da kalmar ɗanɗanonsa: zartsi. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zartsi ya san shi, ka sha ka ji gishiri-gishiri a harshe, ka zuba sabulu ya ƙi kumfa. Ruwan Sabin ke nan, na kogi ya gauraya da na teku. Saboda haka ka ce Tafkin Sabin, idan labarin ya bukaci bayani ka ƙara da "tafki mai ruwan zartsi a bakin Tekun Meziko". Kada ka ce teku, ka ba shi girman da ba nasa ba.

Ka kuma tambaya cikin raha ko nan ne za a ce ruwa ba ya tsami banza. Karin maganar tana nufin duk abin da ya sauya hali akwai musabbabi, kamar ka ga maƙwabcin da kuke gaisawa kullum ya fara ɗauke kai. Tsami na ruwan da aka jiƙa tsamiya ko gasara ne, na Sabin kuwa gishiri ne, don haka a labarinka ka tsaya a kan zartsi.