Tabarau ga baduku, na'urar ji ga mahaifi

Wani baduku daga unguwar Birni a Damagaram, mai shekara 47, ya rubuto cewa ɗinkin ado a kan alabe ya fara ba shi wahala, har sai ya nisanta fatar daga fuskarsa kafin ya ga ramin basilla. An tallata masa gilashi mai ƙara girman abu sau 10 a Kasuwar Dole, ga kuma tabarau na karatu, yana son sanin wanda zai saya.

Malam, abin da kake fama da shi yakan samu kusan kowa bayan shekara 40, domin ƙwayar da ke cikin ido tana taurara har ta kasa daidaita gani a kan abin da ke kusa. Shawarata ita ce ka bar gilashin nan mai sau 10, duk da cewa lambarsa ce ta fi ɗaukar hankali. Gwargwadon ƙarfin gilashi, gwargwadon kusancin da yake bukata: mai sau 10 ba ya nuna abu sarai sai a tazarar santimita biyu da rabi, kuma a wannan ɗan tsukin ba inda basilla da yatsunka za su shiga. Antoni van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya ga ƙananan halittun da ido ba ya iya gani a cikin ɗigon ruwa a shekarun 1670, ya yi amfani da ƴar ƙaramar ƙwayar gilashi mai ƙara girma fiye da sau 200, amma sai ya kafe abin a kan tsinke, ya kai shi bakin idonsa. Shi kallo ya sa gaba, kai kuwa aiki kake yi da hannu biyu.

Abin da zai dace da kai shi ne tabarau na karatu, kuma a shekarunka lambar takan faɗa tsakanin +1.50 da +2.00. Ka tafi da alaben da kake ɗinkawa, ka riƙe shi a tazarar da ka saba aiki, ka zaɓi mafi ƙanƙantar lambar da ta fito maka da zaren ɗaya bayan ɗaya. Idan adon ya yi ƙanana ƙwarai, akwai gilashin da ake ɗaurawa a goshi mai sau 2 ko 2.5, wanda yake barin tazarar santimita 20 zuwa 25. Haske ma rabin gani ne, musamman a cikin zaure da yamma. Sai dai ina roƙonka ka fara zuwa wurin likitan ido, saboda tabarau na kasuwa lamba ɗaya suke bai wa idanun duka biyu, kuma hawan jinin ido yana cin gani ba tare da ciwo ba.

Wata baiwar Allah daga Zango kuma ta tambaya ko ta saya wa mahaifinta na'urar ji mai araha da ta gani a intanet, domin yana jin magana amma ba ya rarrabe kalmomi.

Ƴar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa kula da Baba. Yawancin masu arahar nan ƙara kawai suke ɗagawa, ta magana da ta babur duka ɗaya, alhali tsufa ya fi taɓa siraran sautuka irin su "s" da "f" da "sh". Na'urar ji ta gaskiya ana saita ta ne bisa sakamakon gwajin kunne. A fara duba kunnen, don wani lokaci dauɗa ce ta toshe shi. In har za a saya, ki tambayi inda ake samun batirinta a Damagaram, ki kuma tanadi akwati mai murfi saboda ƙurar hunturu.