Kawunka ba shi zai tsaya gaban jami'an shige da fice ba

Wani ɗalibi ɗan Talata Mafara da ke karatun digiri na biyu kan lafiyar al'umma a Birtaniya ya rubuto mini. Ya ce saura wata huɗu ya miƙa kundin bincikensa, amma makaranta na bin sa kashin ƙarshe na kuɗin karatu. Mahaifinsa ya sayar da shanu aka tura shi, yanzu kuma 'yan bindiga sun hana su zuwa gonar fadama. Kawunsa ya haɗa shi da wani ejan da ya ce zai samo masa takardar ɗaukar nauyin aikin kula da tsofaffi kan fam 8,000. Kawu ya ce ya ajiye boko ya kama aiki, "gida na cikin wani hali, kai kana can kana rubuce-rubuce." Ya tambaye ni ko ya bi.

Ƙanena, kada ka bi. Allah ya kawo wa su Baba sauƙi, amma kada ka bi.

Tun watan Yulin 2023 dokar Birtaniya ta hana ɗalibi sauya bizarsa zuwa ta aiki kafin ya kammala kwas ɗinsa. Ejan ɗin nan ko dai bai san wannan ba, ko ya sani ya ɓoye maka, kuma kowanne daga ciki ya isa ka toshe lambarsa. Ranar da ka daina zuwa makaranta, dole jami'a ta sanar da ma'aikatar cikin gida, a datse bizarka, yawanci a ba ka kwana 60 ka tattara. Sannan takardar da yake tallata maka ba haja ba ce. Mai ɗaukar aiki ne ke fitar da ita, shi ke biyan kuɗinta. Duk wanda ya sa mata farashi ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Na ga yadda abin ke ƙarewa. Wani yaro daga wajen Yawuri ya ci bashi a wurare uku ya biya irin wannan kuɗi. Takardar ta fito, har aka yi walima a gida. Da ya je wurin aikin sai ya tarar da ofis mai tebur ɗaya, babu tsoho ko ɗaya da za a kula da shi, babu awannin aiki. Bayan 'yan watanni aka ƙwace lasisin kamfanin, bizarsa ta bi ruwa. Ejan ya canza layi. Masu bashi kuwa ƙofar mahaifiyarsa suka sani. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi.

Dubi abin da wata huɗun nan za su ba ka. In ka kammala, jami'a ta tabbatar wa hukuma, kana da damar neman bizar waɗanda suka gama karatu: shekara biyu, babu mai ɗaukar nauyi, babu iyakar aikin awa 20 a mako da ke ɗaure ka yanzu. An sanar cewa masu nema daga Janairun 2027 wata 18 za su samu, don haka duk jinkiri asara ce. Kuɗin da kawu ke so ka fara turowa ta ɓarauniyar hanya, za ka iya samun su ta halal, da sunanka, da takardar albashinka.

Kuma karatun kansa ba banza ba ne, ko da an mayar da shi abin gori a gida. Kai ɗan Zamfara ne. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sai da likitocin ƙasashen waje suka shigo aka shawo kan abin. Abin da ake koya maka na bin diddigin cuta, da tattara alƙaluma, da gane annoba kafin ta ci gari, shi ne abin da muka rasa a lokacin. Shanun Baba wannan suka saya.

Gobe da safe ka je ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku, ka faɗa musu gaskiya. Ka nemi a raba maka sauran kuɗin kashi-kashi, a rubuce, ka tambayi asusun tallafin masu matsi. Tun faɗuwar naira a 2023 sun saba da irin wannan koke, wanda ya yi shiru ya ɓuya shi ake rufe wa shafinsa na intanet na makaranta. Shawarar biza kuwa ka karɓe ta daga wannan ofis ko daga lauya mai rajista, domin ba da ita babu rajista laifi ne a can. Kada ka wuce awa 20 ko da an ce za a biya ka a hannu. Ka kuma fara ajiye kuɗin inshorar lafiya na sabuwar bizar, fam 1,035 ne duk shekara, ban da kuɗin nema.

Saura maganar kawu. Ban ce ka yi masa rashin kunya ba, ƙanin mahaifiyarka ne. Amma ina ganin bai kyauta maka ba. Mutum yana zaune a Mafara yana lissafa fam da naira, bai san kuɗin haya ba, bai san sanyi ba, kuma in aka taso ƙeyarka shi ne farkon wanda zai ce an yi asarar shanu. Zumunci bai ce ka jefa kanka rijiya don a ce kana da kirki ba.

Ka kira Baba kai tsaye, ba ta bakin kowa ba, lokacin da ka san yana shi kaɗai. Ka ce masa, "Baba, saura wata huɗu. Ga abin da zan iya turowa duk wata, ko kaɗan ne ba zai yanke ba, in sha Allah. Ina neman albarkarka in ƙarasa." Ka faɗi adadin da ka tabbata za ka iya, ka tura wa Inna shi a hannunta. In kawu ya sake kawo zancen ejan, ka gaishe shi da kyau, ka ce magana tana hannun Baba.