Tafiya da tokar mamaci a jirgin sama

Tambaya: Maƙwabcina a kasuwar Sakkwato ɗan ƙasar Indiya ne mai bin addinin Hindu. Mahaifinsa ya rasu, an ƙona gawar a Legas bisa al'adarsu, yanzu kuma yana son kai tokar gida. Shin ana barin mutum ya hau jirgi da ita?

Amsa: Malam, ana bari, amma sai da takardu. Mu Musulmi binnewa muke yi, addininmu bai yarda da ƙona gawa ba, shi ya sa lamarin yake baƙo a nan, alhali jihar Legas ta yi dokar da ta halatta shi tun 2013.

Ya riƙe takardar shaidar rasuwa da wadda wurin ƙonawar ya bayar, sannan ya tuntuɓi ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja domin jin ko suna buƙatar ƙarin wata. Kafin ya sayi tikiti kuma ya tambayi kamfanin jirgin, domin kowane kamfani da ƙa'idarsa, musamman idan za a sauya jirgi a wata ƙasa.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne mazubin. Na'urar binciken kaya ba ta gani sosai ta cikin ƙarfe mai kauri, don haka ana iya hana shi wucewa. Gara na katako ko na roba mai murfi gam. A ganina ya ajiye shi a jakar hannu, domin akwati yakan ɓata a hanya, wannan kuwa kaya ne da ba shi da madadi.