Kafin ka kai agogon gaban masu sha'awa

Ɗana, ka ce kana so ka kai tsohon Seiko ɗin nan da ka gyara wurin masu tara agogo, amma kana tsoron su ɗauke ka ɗan cuwa-cuwa. To, saurara.

Mutanen nan ba don sanin lokaci suke saye ba, lokaci yana cikin wayar kowa. Asali suke biya wa kuɗi, kuma da yawansu sun fi ka sanin abin da ke hannunka. Saboda haka aibin za ka fara faɗa, yabo ya biyo baya. Ka canza gilashi? Faɗa. Maɗaurin ba nasa ba ne? Faɗa. Ka goge jikinsa da inji? Wannan ma sai ka faɗa, domin guga tana cinye kaifin gefuna, su kuwa sun fi son agogo da ƙarzunansa a kan wanda aka goge ya yi sumul. Mafi muni shi ne fuskar da aka sake wa fenti aka yi shiru.

Kada ka zaci ba za su gane ba. Juya marfin baya ka duba lambar nan mai gurbi shida. Na farko shi ne lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, na biyu wata ne, daga 1 zuwa 9, sai O, N da D na watanni ukun ƙarshe. Injin da ke cikin naka samfurin 7S26 ne, wanda bai fito ba sai 1996. In lambar ta fara da 8N, ke nan Nuwamban 1998 ne, ko 2008, ko 2018. Ka buɗe baki ka ce na shekarun 1970 ne, ka gama zubar da kanka, ko da ba da gangan ka faɗa ba. Haka agogon Siwizalan mai ɗauke da harafin T a ƙasan fuska: sinadarin tiritiyom mai sa haske cikin duhu ne a hannuwansa, rabin ƙarfinsa kuwa yana tafiya duk bayan kimanin shekara 12. In ɗan shekara hamsin yana walƙiya cikin duhu kamar sabo, an taɓa shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Yana aiki lafiya lau" ba bayani ba ne. Saita shi, ka bar shi ya kwana ya wuni, ka faɗi daƙiƙa nawa yake gudu ko yake ja da baya. Batun ruwa kuma, in ba ka canza robar marfi ka gwada ba, ka ce ba ka gwada ba, komai rubutun da ke jikinsa. Hoto a hasken rana, gaba da baya da cikin inji, har da wurin da ba ka so a gani.

Sai ladabin cinikin. Kada ranar da suka fara ganin fuskarka ta zama ranar talla. Zauna da su tukuna, ka amsa wa mai tambayar gyara, ka koyi ƙa'idarsu, don wasu ma ba su yarda da talla a zamansu ba sam. Faɗi kuɗinka a fili, ban da "taya mu ji", wannan yana sa a ga kamar kana auna aljihun mutum ne. Wani yana tallan nasa, kada ka tsoma baki da cewa naka ya fi araha, ko ka hau kushe masa kaya. Wanda ya fara cewa yana so shi ke da haƙƙi har ya janye da kansa. In ka sallama kuwa ka sallama, ko da wani ya zo da ƙari bayan minti biyar.

Ku kuma yi magana tun kafin kuɗi su shiga hannunka: in ya tsaya cikin mako guda, gyara za ka yi ko karɓar kayanka? Ni dai karɓa nake yi, in dai ba a buɗe marfin ba.