Kafin ka sa Yaya ta sayar da fulotinta

Ɗana,

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Abin da na tsinta a ciki shi ne kana riƙe wa masu shago uku a Kantin Kwari shafukansu na Instagram da Facebook, mabiya sun ƙaru, don haka kana so ka zo Ingila ka yi digiri na biyu a kan tallan intanet, ni kuma in lallashi Yaya ta sayar da fulotinta a biya makaranta. Kai ne na huɗu da ya turo mini irin wannan a bana. Kai kaɗai zan zauna in rubuta wa, saboda na san irin gumin da ta zubar kafin ta mallaki fulotin nan.

Amsa mini wannan tukuna. A cikin atamfar da Alhaji ya sayar da ƙaramar Sallah, turmi nawa ne tallanka ya sayar? Ba masu danna alamar so nake tambaya ba, ba masu rubuta "nawa ne?" su ɓace ba. Turmi nawa, kuma daga wane talla? In amsarka ita ce "ai da yawa, Kawu", to ba ka fara wannan sana'a ba tukuna.

Wannan tambayar ce ta kayar da ni a ganawar neman aiki ta farko a Manchester. Na shiga da takardar digirina a jaka, ina ta ba da labarin yadda na tara wa shafuka mabiya. Matar ta bar ni na gama, sannan ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ta nuna wani linki mai doguwar jela, ta ce in karanta mata abin da jelar ke cewa. Na yi zuru. Sau dubu na ga irinsa, ban taɓa tambayar kaina mene ne ba. Na fito ana yayyafi, na hau bas na koma sito inda nake ɗaukar kwalaye da dare, kuma a can na ƙara wata takwas. Har yau in na tuna yadda ta rufe kwamfutar a hankali, sai in ji abin a ƙirjina.

Alhali abin ka san shi tun kana yaro. Yaron da ya tsinci mai saye a bakin Kwari ba ya nuna masa shago da yatsa daga nesa. Raka shi yake yi har gaban kanta don maigida ya ga wanda ya kawo shi, in ba haka ba la'adarsa ta bi ruwa. Jelar nan aikinta ke nan. Kalmomi ne da ake liƙa wa ƙarshen linki, su rako mai saye har cikin shafin, su faɗi wanda ya kawo shi. UTM ake kiransu, daga sunan Urchin, kamfanin da Google ya saya a 2005 ya gina Google Analytics a kansa, wato na'urar da ke ƙirga masu ziyartar shafi da inda suka fito. Ga yadda take:

?utm_source=whatsapp&utm_medium=social&utm_campaign=babbar_sallah

Ta farko tana faɗin inda mutum ya fito, ta biyu irin hanyar da ya biyo, ta uku sunan tallan. Akwai wasu biyu, utm_term da utm_content. Ta ƙarshen nan nake so ka riƙe, don da ita ake gane ko hoton atamfa a ninke ne ya fi jawo mutane ko wanda aka ɗinka aka saka. Google na da shafi kyauta mai suna Campaign URL Builder da zai haɗa maka jelar cikin minti biyu. Haɗawar ba wuya. Wuyar tana wajen tsari, kuma nan na sha wahala.

Da na sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai sayar da kaya ta intanet, ni na kawo shawarar a riƙa tura tayi ga tsofaffin kwastomomi ta WhatsApp, waɗanda suka amince a tuntuɓe su. Na yi sati uku ina tsara saƙonni, ciniki ya tashi, amma ban sa wa linkin jela ba. Wanda ya danna linki tsirara daga WhatsApp, sau da yawa Google Analytics kan jefa shi cikin rukunin waɗanda suka shigo kai tsaye, kamar da kansu suka rubuta adireshin. Ranar taron wata, abokin aikina mai kula da tallan da ake biya ya miƙe ya ce tallansa ne ya sa mutane suka haddace sunan kamfanin. Aka yaba masa a gabana. Na ce aikina ne, manaja ya ce ina shaida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙasar nan babu mai rantse maka, babu dattijon da zai ce "na san yaron nan, ba ya ƙarya". Abin da rahoto bai nuna ba, ba ka yi shi ba.

Kuskure na biyu kuma laifinmu ne mu duka. Wani ya rubuta Facebook da babban baƙi, wani facebook da ƙarami, wani fb. Na'urar tana ɗaukar su abu uku daban, sai rahoto ya tsage uku, kowanne ya fito ƙarami, har aka kusa yanke kuɗin tallan da shi ne ke ciyar da mu. A ƙarshen makon nan na zauna na tsara jadawali guda: komai da ƙananan baƙaƙe, babu tazara a tsakanin kalmomi, kuma babu linkin da zai fita sai an rubuta shi a ciki da kwanan wata. A hanyar da mutum ya biyo kuwa, sai kalmomin da na'urar ta sani, irin su email da cpc (tallan da ake biya bisa kowane dannawa) da social, don in ka ƙirƙiro taka tana iya rasa inda za ta ajiye shi. Na kuma hana sa jela a linkin da ke kai mutum daga wani shafinmu zuwa wani, domin yana rikita asalin inda ya fito. Da jadawalin nan kamfanin ke aiki har yau, kuma shi na ajiye a kan tebur ranar da na nemi su ɗauki nauyin bizata.

Ka kiyayi abu ɗaya da a gida ba a ɗauke shi komai ba. Kada ka kuskura ka sa sunan mutum ko lambar wayarsa ko imel ɗinsa a cikin jela. Tun Mayun 2018 da dokar kare bayanan mutane ta GDPR ta fara aiki, wannan kaɗai ya isa ya jawo wa kamfani tara, kai kuma ya raba ka da aiki. Sannan a nan sai an nemi izinin mai ziyara kafin a bi sawunsa, wasu kuma ƙi suke yi, don haka lissafin ba ya taɓa cika. Alƙaluman Facebook da na Google ba za su zo daidai ba, kuma kai za a tsare a ce ka yi bayani.

Maganar digiri kuwa, ni na yi shi, ba zan ce banza ba ne. Amma tsarin Google Analytics da aka koya mana a aji ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli, 2023, sabon tsari mai suna GA4 ya maye gurbinsa, muka koma koyo da kanmu da dare. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu. In bizar bayan kammalawa ta ƙare, sai ka sami kamfanin da zai tsaya maka, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake nema a ƙa'ida daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara. Aikin farko a harkar talla da wuya ya kai nan. Na san waɗanda muka gama tare da har yanzu suke gidajen kula da tsofaffi, wasu kuma sun tattara sun koma, filin da aka sayar ba ya dawowa.

Ba zan yi wa Yaya maganar fuloti yanzu ba. Ga abin da za ka yi. Google na da asusun gwaji na Analytics mai bayanan shagon gaske, kyauta ne, haka ma jarrabawarsu a shafinsu na koyarwa, Skillshop. Ka shawo kan ɗaya daga cikin Alhazan nan a buɗe masa ɗan shafi, ko mai fuska ɗaya ne. Kowane linki da za ka saki, na WhatsApp daban, na Instagram daban, har lambar QR da za ka manna a ledar shago, ka sa masa jelarsa, ka rubuta a jadawali. Bayan wata uku ka turo mini in gani da idona. Kuɗin data ni zan riƙa turo maka.

Ka gaida Yaya, ka ce mata zan kira ta ranar Juma'a bayan na taso daga aiki.

Kawunka