Wace Manhaja Za a Sa wa Mai Son Ɗaukar Bidiyo da Kyamarar Kwamfuta?

Ɗana, ka tambaye ni wace manhaja za ka sa wa malamin nan na Jekadafari da ya kawo kwamfutarsa ta tebur, wanda yake so ya riƙa ɗaukar darasin lissafi da ƙaramar kyamarar da ake maƙalawa a saman allon kwamfuta yana tura wa ɗalibansa, kuma ka ce abokan sana'a sun lissafa maka sunaye har ka rasa wanda za ka ɗauka. Kada ka sauke komai tukuna, sai ka duba abin da kwamfutar ta zo da shi, ka kuma tambayi mai ita ainihin aikin da zai yi.

Idan Windows 10 ko 11 ce a kanta, akwai manhaja mai suna Camera da ke zuwa tare da ita, ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai an ƙona data ba. Mutum zai buɗe ta, ya danna alamar bidiyo, ya yi bayaninsa, ya sake dannawa ya tsayar, sannan ya tarar da fayil ɗin bidiyonsa, nau'in MP4, a jakar Camera Roll da ke cikin jakar hotuna. Ga wanda fuskarsa da muryarsa da farin allon da ke bayansa kawai yake son su fito, wannan ta wadatar, kuma ita nake so ka fara gwada masa, domin manhajar da kwastoma zai iya sarrafawa shi kaɗai a gidansa ta fi masa amfani a kan wadda sai ya kira ka kullum. Yawancin kyamarorin USB na yanzu ba sa buƙatar direba na musamman, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, da an jona su Windows za ta gane su. Idan hoto ya ƙi fitowa, ka duba saitin sirri ko an hana manhajoji amfani da kyamara, ka kuma rufe Zoom da makamantanta, saboda sau da yawa manhaja ɗaya ce ke iya riƙe kyamarar a lokaci guda.

Sai fa idan malamin yana so a ga abin da yake rubutawa a kan kwamfutar, fuskarsa kuma na can gefe a ƙaramin akwati. A nan Camera ta gaza, sai a koma ga OBS Studio, wadda ta fara fitowa a 2012, kyauta ce, ba ta buga tambari a kan bidiyo, ba ta kuma ƙayyade tsawon ɗauka. Illarta ita ce yawan maɓallai, don haka miƙa ta haka nan ga wanda bai saba ba tamkar ba mai neman keke tirela ne. Kai ne za ka zauna ka haɗa masa kyamara da allon kwamfutar da makirufo a shafi ɗaya, ka zaɓa masa jakar ajiya, ka nuna masa maɓallin farawa da na tsayarwa kaɗai. Ka lura cewa tun daga fitowa ta 28 a 2022, OBS ta daina aiki a kan Windows 7 da 8, kuma tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana da yawansu suna ɗauke da Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita a Janairun 2020, ita Windows 7 ɗin kuma ba ta da manhajar Camera. A irin wannan hali VLC, manhajar kallon bidiyo, na iya ɗauka daga kyamara, amma hanyarta na da sarƙaƙiya, don haka na fi son a sabunta Windows ɗin idan injin zai iya ɗauka.

Yanzu ga batun da ya fi damuna, wanda masu ba ka shawara ba su ambata ba, wato ɗaukewar wuta. Kwamfutar tebur ba ta da batir, da an ɗauke wuta ta mutu nan take. Shi kuwa fayil ɗin MP4 na asali, sai a ƙarshen ɗauka ake rubuta masa bayanin da ke nuna inda kowane hoto da sauti yake, saboda haka idan injin ya mutu kafin a danna tsayarwa, galibi darasin minti 40 gaba ɗaya ya ƙi buɗewa, alhali malamin ya riga ya zuba muryarsa da lokacinsa. Fayil ɗin MKV, wani nau'in fayil ɗin bidiyo, ba haka yake ba, abin da aka ɗauka kafin yankewar yana nan. Don haka a OBS ka zaɓa masa MKV, in ya gama sai ya mayar da shi MP4 ta umarnin Remux Recordings, wanda ba ya rage kyan hoto kuma ba ya ɗaukar lokaci. Idan kuwa Camera zai yi amfani da ita, ka gaya masa gaskiya cewa yana buƙatar UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, ko da ƙarama ce, ya kuma riƙa yanka darasin gunduwa-gunduwa, kamar minti 10 kowanne, yadda in an yi asara ba za ta yi yawa ba.

Kada ka ɗaga masa girman hoto don burgewa. Kyamara irin Logitech C270 iyakar girman hotonta 720p ne, da hotuna 30 a daƙiƙa, kuma babu manhajar da za ta ƙara mata abin da ba ta da shi. Wannan ma ya ishi ɗalibin da zai kalla a waya. Ka yi lissafin da kanka: bidiyon da ake ɗauka a kan kilobit 2,500 a daƙiƙa yana haura gigabait 1 a awa ɗaya, kuma ɗalibai ne za su sayi datar sauke shi. Idan fayil ya yi nauyi, manhajar HandBrake na matse shi kyauta. Idan kuma ka ga hoton na ƙyaftawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ka mayar da saitin hana ƙyaftawa zuwa 50Hz, wanda shi ne na wutar Najeriya, domin wasu kyamarori na zuwa a kan 60Hz irin na Amurka.

Waɗanda ake tallatawa da sunan kyauta kuwa, ka karanta sharaɗinsu kafin ka sa. Bandicam ta kyauta, alal misali, tana tsayawa a minti 10 tana kuma buga sunanta a saman bidiyon. Wannan ne ke tura yara wajen neman kwafin sata da ake yawo da shi a filashi, ni kuma ban yarda a sa shi a shagona ba, domin ta nan bairos ke shiga injin mutumin da ya ba mu amana, ga shi kuma haƙƙin wasu ne. Duk abin da za ka sauke, daga shafin masu shi za ka ɗauko.

Kafin malamin ya tafi da kwamfutarsa, ka zaunar da shi ya ɗauki gwajin minti 2 da hannunsa, fuskarsa na kallon taga maimakon ya ba ta baya, sannan ku saurara tare. Kwamfutar tebur yawanci ba ta zuwa da makirufo, na jikin kyamarar kuma yana nesa da baki yana kwasar ƙarar fanka da janareta, don haka idan muryar ba ta fita sosai, ka haɗa masa da ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, ka tabbata shi aka zaɓa a cikin manhajar, ku sake gwadawa.