Ɗan majalisarmu yana goyon bayan matasa masu neman jinsi, in mai da ɗana gida?

Wani ɗan'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Birmingham ya rubuto mana rai a ɓace. Ɗan majalisar da ya zaɓa ya fito yana goyon bayan matasa masu neman jinsi ɗaya a makarantu. Yana son ya caccake shi a Facebook, kuma yana tunanin mai da ɗansa mai shekara 15 Kano, don ya fara zargin yaron.

Malam, wannan ba sabon abu ba ne a siyasar Ingila. A 1988 gwamnatin Firayim Minista Margaret Thatcher ta kafa dokar da ta hana ƙananan hukumomi tallata wannan ɗabi'a, aka soke ta a 2003, kuma a 2009 David Cameron, shugaban jam'iyyar Thatcher a lokacin, ya nemi afuwa a kanta. Da wuya ka sami babbar jam'iyyar da za ta koma baya. Sannan dokar daidaito ta 2010 da ta kare su, ita ce ta hana a wulaƙanta ka a wurin aiki saboda addininka ko launin fatarka.

Kana da haƙƙin rubuta wa ɗan majalisar ra'ayinka, ko ka hana shi ƙuri'a. Zagi a intanet kuwa yana iya raba ka da aiki, idan kuma bizarka a hannun kamfanin take, asarar ta zama biyu. A makaranta za ka iya neman a cire yaro daga darasin jima'i (amma in saura zango uku ya cika shekara 16, yana iya zaɓar shiga da kansa), ban da darasin zamantakewa, wanda ya zama dole tun 2020.

Maganar yaron ce ta fi damuna. Zargi kawai kake yi. Idan ka kai shi gida da sunan "gyara", ka kai shi inda dokar Najeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ga bakin dangi da ba ya rufuwa. Idan takardar zaman dindindin yake da ita, fiye da shekara 2 a jere a waje zai kashe ta. Aurar da shi dole kuwa laifi ne a Ingila, ko a Kano aka ɗaura. Matashin da iyayensa suka juya wa baya yakan shiga ƙunci, wasu har su hallaka kansu.

Ka zauna da shi ku biyu, ba tsawa, ba kawu a waya. Ka fara da tambayarsa ko akwai mai tsangwamarsa a makaranta.